Runduna ta 5 ta sojojin Indiya, daga duwatsun Keren zuwa titunan Surabaya

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya mun tsaya a kan sojojinmu da aka kai Yaƙin Bama, sai Ɗanjuma ya tambayi su wane ne Indiyawan da ke gefensu a Arakan, gaɓar yammacin Bama. Rundunoni da yawa ne, amma ina ganin mu ɗauki guda mu bi ta daga tushe, kuma na zaɓi Runduna ta 5. Dalilina shi ne tana cikin 'yan ƙalilan da suka yaƙi Italiya da Jamus da Japan duka ukun. An kafa ta a Secunderabad a 1939, kwamandanta na farko Manjo Janar Lewis Heath. Alamarta jan da'ira a kan baƙin ƙyalle, shi ya sa ake mata kirari da Dunƙulen Wuta. Ta sauka Sudan a Satumba 1940 da birged biyu, ta 9 da ta 10, can aka haɗa mata ta uku, wato ta 29.

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, idan an ce rundunar Indiya, duk Indiyawa ne a ciki ko suna ne kawai?

Malam Habu: Ba duka ba. Da suka isa Sudan sun tarar da bataliyoyin Turawa uku, na Essex da West Yorkshire da Worcestershire. Sai aka warwatsa su, kowace birged ta samu bataliyar Turawa ɗaya da ta Indiyawa biyu. Wannan tsarin ba a Sudan aka ƙirƙire shi ba. Tun bayan tawayen 1857 Ingila ta ɗauki darasi: kada a bar birged ba Bature a cikinta, kuma kada a bar manyan igwa a hannun Indiyawa, sai ƙananan igwar dutse da alfadarai ke ɗauka. Sai da yaƙin ya yi nisa, mutane suka yi ƙaranci, sannan aka sassauta.

Hajiya Larai: A ƙara da cewa ko cikin bataliyar Indiyawan ma rabe ake. Bataliya ta kai mutum 800 ko kusa, kamfanin masu bindiga huɗu. A rejimantin Punjab za ka ga kamfanin Musulmin Punjab daban, na Sikh daban, na Dogra ko Rajput daban. Kowane kamfani da madafarsa. Hujjar da ake bayarwa ita ce abinci da ibada, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ɗaya hujjar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba ita ce kada kansu ya haɗu. Tsakanin hafsoshin Turawa da kurata akwai wani mataki na musamman: jamadar, subedar, subedar-manjo. Su ne ƙashin bayan bataliya. Saje shi ne habildar, kofur kuma nayik. Harshen umarni Urdu ne, kamar yadda Hausa ta zama harshen bariki a rundunar Afirka ta Yamma. Har ra'ayin nan na cewa wasu ƙabilu ne kaɗai suka iya yaƙi iri ɗaya ne da wanda aka yi amfani da shi wajen ɗibar soja a nan. Ba abin mamaki ba ne, Lugga kansa a Madras aka haife shi, kuma a Indiya ya yi farkon aikin sojansa.

Injiniya Bala: Ni fitowarsu ta farko ta fi jan hankalina, don ba ta yi kyau ba. Gallabat, kan iyakar Sudan da Habasha, 6 ga Nuwamba 1940. Birged ta 10 ce, kwamandanta Birgediya William Slim, wanda daga baya ya riƙe yaƙin Bama gaba ɗaya. Sun karɓi ganuwar Gallabat da safe, amma shirin shi ne a tsallaka rafi a ci Metemma, kuma ba a kai ga haka ba. Abubuwa uku suka ɓata lamarin. Tankokin da aka kawo 'yan kaɗan ne, kuma akasarinsu sarƙar ƙafarsu ta tsinke a kan duwatsun da ciyawa ta rufe, wasu suka taka nakiya. Ƙasar wurin dutse ce, ba a iya haƙa ramin ɓuya. Sannan jiragen Italiya suka fi ƙarfin 'yan jiragen Ingila suka yi ta ruwan bom a kan mutanen da ke kwance a fili. Da wata motar harsasai ta kama da wuta tana fashewa, wasu daga bataliyar Essex suka zaci an zagayo ta bayansu, suka watse. Bayan haka aka ɗauke su aka kawo bataliyar Highland a madadinsu.

Ɗanjuma: Ashe Turawan ne suka fara gudu.

Injiniya Bala: A ranar dai haka ta faru, amma kar ka gina gini a kai. Duk sojan da bai taɓa jin bom daga sama ba, aka kwantar da shi a kan falalen dutse, jiragensu kuma ba sa sama, zai iya yin haka. Abin lura shi ne a wannan hanyar ce, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu 1941, wani ƙaramin hafsan injiniya Premindra Singh Bhagat ya yi kwana huɗu yana gaban ayari yana tone nakiya, filin nakiya 15 a tsawon mil 55. Sau biyu motarsa na tashi da shi, dodon kunnensa ya fashe, ya ƙi a canje shi don ya riga ya gane yadda Italiyawa ke jera nakiyarsu. Ya samu lambar Victoria Cross, wadda babu sama da ita a sojan Ingila.

Malam Isyaku: To mu zo Keren a Eritiriya, don nan ne rundunar ta zama runduna. Duk mai son zuwa Asmara daga Sudan dole ya bi ta kwazazzabon Dongolaas. Mota da jirgin ƙasa duk nan suke bi. Hagu da dama duwatsu ne tsaye. Italiyawa a ƙarƙashin Janar Carnimeo suka fasa gefen dutsen da nakiya ya rufto ya toshe hanyar, sannan suka hau kowane ƙololo suka zauna: Sanchil a hagu, ganuwar Dologorodoc a dama. Ba ragwaye aka ajiye a can ba, akwai zaɓaɓɓun sojojin Savoia da na Alpini masu hawan dutse, ga askarawan Eritiriya da suka san wurin kamar tafin hannunsu. Farmakin Fabrairu, wanda Runduna ta 4 ta Indiya ta ja gaba, bai fasa ba. Janar Platt, babban kwamandan sojan Ingila a Sudan, ya tsaya kusan wata guda yana tara harsashi da ruwa. Aka mayar da Runduna ta 5 baya ta yi atisayen hawan dutse, motocinta kuma aka sa su jigila.

Matsalar Keren ita ce hawa. Soja zai yi awanni yana rarrafe da hannu da ƙafa cikin zafi, da bindiga da harsashi, ya isa sama numfashi ya ƙare, na sama kuma sai dai ya mirgino masa ƙananan gurneti. Igwar Ingila mai harsashin fam 25 tana kai kusan kilomita 12, amma a kan ƙololo mai kaifi kuskuren taku kaɗan ya isa: harsashi ko ya wuce ya faɗa bayan dutse, ko ya gaza ya faɗa kan naka. Duk digon ruwa sai an ɗora wa alfadari ko mutum. Sau da yawa kamfani guda cikin huɗu na bataliya aikinsa dako ne kawai. Wanda aka harba a sama kuwa, sauko da shi aikin mutum da yawa ne na tsawon sa'o'i.

Hajiya Larai: Har daga tsibirin Kubrus aka kawo masu alfadarai don wannan aikin.

Malam Isyaku: Haka ne Hajiya. Babban farmaki ya fara 15 ga Maris. Runduna ta 4 ta hau hagu ta riƙe hankalin Italiyawa. Da rana Runduna ta 5 ta gwada dama aka tare ta da wuta. Sai da dare Birged ta 9 ta Frank Messervy ta canza salo: bataliyar Mahratta da ta Frontier Force suka ci tuddai biyu da ke gaban ganuwar, 'yan ganuwar suka fito don ƙwato su, sai West Yorkshire suka bi ta gefe da asuba suka shiga Dologorodoc ranar 16. Daga nan ana hango Keren, wato mai duba wa igwa ya samu ido. Kwana goma Italiyawa suna kawo hari don ƙwato wurin, a nan suka ƙarar da zaɓaɓɓun mutanensu, a nan Janar Lorenzini ya mutu.

Injiniya Bala: Amma abin da ya buɗe ƙofar ba ganuwar ba ce, ku yi mini afuwa. Sojojin injiniya ne suka lallaɓa da dare suka auna toshiyar, suka ce in an kore masu harbi daga tuddan da ke kallonta za su share cikin kwana biyu. Heath ya gane ba dole sai an ci kowane ƙololo ba, hanyar ce abin nema. Ranar 25 ga Maris kafin gari ya waye Birged ta 10 ta bi ta ramin jirgin ƙasa ta ɓullo inda ba a zata ba, ta 9 kuma ta bi ɗaya gefen. Injiniyoyi suka shiga da nakiya da diga da shebur, harsashi na sauka. Yammacin 26 hanya ta buɗe, safiyar 27 tankoki suka wuce, Italiyawa sun janye cikin dare. Asmara ta faɗi 1 ga Afrilu, Massawa 8 ga wata. Ɓangaren Ingila da Indiya an kashe sama da 500, an raunata sama da 3,000.

Malam Habu: A daidai wannan lokacin birged ɗin Najeriya ta 23 tana kudu. Su suka shiga Mogadishu 25 ga Fabrairu 1941 suka miƙe zuwa Harar. Wato yaƙi ɗaya ne, kibiya biyu. Ta arewa ta ƙare a dutsen Amba Alagi a watan Mayu, inda Duke na Aosta, wakilin sarkin Italiya a Habasha, ya miƙa wuya ga Janar Mayne wanda ya gaji Heath. An bar su sun sauko da makamansu ana musu faretin girmamawa, abin da 'yan gwagwarmayar Habasha da suka taya yaƙin ba su ji daɗinsa ba.

Ɗanjuma: Hamadar Libiya fa? An ce sun sha kashi.

Malam Isyaku: Sun sha, ba sai an ɓoye ba. Bayan yawo tsakanin Iraƙi da Masar da Kubrus, aka jefa su yaƙin Gazala a 1942 ƙarƙashin Janar Harold Briggs. Ranar 5 ga Yuni aka tura Birged ta 9 da ta 10 su fasa sansanin Rommel, kwamandan Jamusawa. Igwa ta yi luguden wuta a inda babu kowa don an yi kuskuren wurin da abokan gaba suke, tankokin da za su tallafa suna ƙarƙashin wani kwamanda daban, babu mutum ɗaya da ke riƙe da yaƙin. Rommel ya zagayo, Birged ta 10 ta tarwatse tare da igwa masu yawa. Ta 29 ta riƙe El Adem, daga baya aka murƙushe ta a Fuka. Abin da ya rage ya tsaya a tudun Ruweisat a watan Yuli, aka tare Jamusawa a El Alamein. A nan Birged ta 161 ta shigo cikinsu. Sojan ƙasa a fili ba tare da isassun igwar fasa tanka ba, abinci ne kawai.

Dakta Safiya: Ku bar ni in shigo a Bama, don a can cuta ta fi harsashi. Slim da kansa ya ce a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe da rauni, ana kwashe 120 da ciwo: zazzaɓin cizon sauro, atini, gyambon ƙafa, da wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwarin ciyawa ke sa wa. Rundunar ta dawo Indiya a 1943 ta yi watanni a yankin Bihar tana koyon daji. Cikin abin da aka koya har da ƙwayar mefakirin kullum, a layi, gaban hafsa, sai an ga ka haɗiye. Tana mayar da fata rawaya, aka kuma baza jita-jitar tana kashe mazakuta, don haka mutane na tofarwa. Maganin da Slim ya yi wa abin shi ne gwajin ba-zata, bataliyar da aka samu ba ta sha yadda ya kamata kwamandanta ya bar kujera. Ga dokar sakin hannun riga da dogon wando kafin faɗuwar rana. Sannan aka daina kai mai zazzaɓi can cikin Indiya inda zai ɓace wata biyar, aka kafa wuraren jinya dab da fagen daga, ya dawo cikin makonni.

Hajiya Larai: Abinci ma wani yaƙin ne. Rundunar Slim na da tsarin rabon abinci kusan talatin. Musulmi sai yankakke, Hindu ba ya cin naman shanu, Sikh na da nasa salon yanka, wasu ba sa cin nama sam. Naman gwangwani bai warware komai ba, don ba wanda ya ga yadda aka yanka. Shi ya sa ake kora awaki da rai a bayan bataliya, in babu kuma a haƙura da garin alkama da wake da man shanu da madara.

Malam Habu: Yanzu Arakan. Ƙarshen 1943 rundunar, da birged ta 9 da 123 da 161, ta bi gefen teku, yamma da jerin duwatsun Mayu. Sunan duwatsun ke nan, ba watan ba. Runduna ta 7 tana gabas da su. Can gabas kuma, a kwarin Kaladan, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce ke tsare musu gefe, da 'yan Gwalkwas da Najeriya da Saliyo da Gambiya, abincinsu daga sama ake jefowa, kayansu a kan 'yan dako. Ga amsar tambayarka ta makon jiya, Ɗanjuma. An ci Maungdaw 9 ga Janairu 1944, sai aka ci karo da Razabil, inda Japanawa suka haƙa ramukan tsaro.

Injiniya Bala: Ramin Japanawa sai an bayyana shi. Gungumen itace ne a jere, a bisa a zuba ƙasa mai kauri fiye da mita guda, a dasa ciyawa, ƙofar harbi 'yar siririya. Kowane rami wani ramin na kare shi. In ka hau kan ɗaya sai su kira igwarsu ta yi wuta a kansu, su suna ciki lafiya, kai kana waje. Bom na jirgi bai cika fasa shi ba. Dabarar da aka gano da tankokin Lee mataki uku ce. Farko harsashi mai fashewa nan take, ya share dajin ramin ya fito fili. Na biyu mai jinkirin fashewa, ya nutse cikin ƙasa ya rusa bakin ramin. Na uku, lokacin da sojan ƙasa ya matso, sai a koma harsashin ƙarfe zalla wanda ba ya tarwatsewa, tanka na ci gaba da dukan ramin, naka na rarrafe har 'yan taku kaɗan ba tare da ɓaraguzai sun same shi ba. Kafin wannan, da an tsagaita wuta don naka ya ruga, Bajapane ya riga ya koma bakin bindigarsa.

Malam Isyaku: Sai Japan ta yi abin da ta saba. Ranar 4 ga Fabrairu rundunar Janar Sakurai ta ratsa ta baya, ta tarwatsa hedikwatar Messervy wanda a lokacin ke riƙe Runduna ta 7, ta toshe mashigar Ngakyedauk da ta haɗa rundunonin biyu. A 1942 da 1943 duk lokacin da aka yi haka sojan Ingila watsar da motoci yake ya gudu, Japanawa su ci abincinsa. Lissafinsu ke nan, guzurin 'yan kwanaki kawai suka ɗauko. Wannan karon umarni ya zo kowa ya tsaya inda yake. Aka tura Birgediya Geoffrey Evans na Birged ta 9 da West Yorkshire da tankoki su riƙe Sinzweya, wani ƙaramin fili inda aka tara kaya, cike da akawuna da direbobi da masu alfadarai. Daren 7 ga wata Japanawa suka shiga asibitin wurin suka kashe likitoci da majinyata. Jirage suka yi ta jefo kaya, sama da ton 2,000 a tsawon yaƙin. Birged ta 123 ta fasa mashigar daga yamma wajen 23 ga wata. Wanda ya zo yi wa wani ƙawanya shi yunwa ta kora.

Dakta Safiya: Laimar jefo kaya ma ta yi ƙaranci, sai aka ɗinka ta da zaren rama irin na buhu a Kalkata. Ba ta kai ta asali kyau ba amma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Shinkafa da gari da abincin alfadarai kuwa ba laima, buhu cikin buhu ake yi, na ciki a matse na waje sako-sako, in na ciki ya fashe na waje ya riƙe. Haɗarinsa shi ne buhun da ya faɗo kan mutum kashe shi yake.

Ɗanjuma: To ina labarin ɗauke runduna guda a jirgi? Na ɗauka ƙari ne.

Malam Habu: Ba ƙari. Harin Arakan yaudara ce, babban yana Imphal, a arewa maso gabashin Indiya. Da aka ga haka Mountbatten, babban kwamandan ƙawance a kudu maso gabashin Asiya, ya karkato jiragen Amurka da ke jigila zuwa Sin, aka haɗa da na Ingila. Daga 19 zuwa 29 ga Maris aka kwashe rundunar daga filin Dohazari, da mutane da jif da igwa da alfadarai. Ta ƙasa tafiyar ta fi wata guda. Ana ɗaure gora a cikin jirgi a yi wa alfadarai turke, igwar dutse kuma dama a kwance take zuwa kaya takwas, kowanne na alfadari ɗaya. Birged ta 9 da 123 suka sauka Imphal, ta 161 aka kai ta Dimapur.

Hajiya Larai: Ta 161 ɗin ce ta je Kohima. Bataliyar West Kent ta Laftanar Kanar Laverty, da kamfanin Rajput guda, suka shiga kafin a rufe, suka haɗu da 'yan rejimantin Assam. Kwamandan garin Kanar Hugh Richards, kuma ga abin da zai ba ku sha'awa: shi ne ya riƙe birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, ta 'yan Najeriya da aka ba Janar Wingate mai kai hari bayan layin Japanawa, aka sauke shi don an ce ya tsufa. Runduna ta 31 ta Janar Sato ta kewaye su kusan mako biyu. An yanke musu ruwa, rabon mutum a yini ɗan kaɗan ne. A gidan Di'o Charles Pawsey filin wasan tanis ne kawai tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, ana jifan juna da gurneti.

Malam Isyaku: Gyara kaɗan Hajiya. Ana yawan ba West Kent duka yabon, amma da ba don igwar dutsen Indiyawa da Birgediya Warren ya girke a Jotsoma ba, 'yan mil kaɗan daga garin, da ba su kai ba. An auna kowane lungu tun da rana, da dare in an kira wuta tana sauka 'yan taku daga ramin nasu. Kuma bataliyar Punjab ta 1/1 ce ta fara isa gare su ranar 18 ga Afrilu.

Hajiya Larai: Na karɓi gyara, Malam. A Imphal kuma a tuna da Jamadar Abdul Hafiz na rejimantin Jat, Musulmi, wanda ya jagoranci hawa wani tudu ranar 6 ga Afrilu ya rasu a wurin, aka ba shi Victoria Cross bayan rasuwarsa. Da Nungshigum ranar 13, tudun da ke kallon filin jirgi. Tankoki suka hau doron da ya yi siriri har sai kwamanda ya leƙo da kansa waje yana nuna wa direba hanya, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana harbewa. Hafsoshin Turawa na kamfanonin Dogra biyu su ma aka raunata su. Samanja Craddock da Subedar Ranbir Singh suka ƙarasa aikin. An buɗe hanyar Kohima zuwa Imphal 22 ga Yuni a mil na 109, inda rundunar ta haɗu da Runduna ta 2 ta Ingila.

Injiniya Bala: Ni a ganina mafi wuyar aikinsu bai yi suna ba, wato bin hanyar Tiddim, daga Imphal zuwa kudu, cikin damina. Da can in ruwa ya sauka kowa zama yake. Wannan karon aka bi Japanawa. Hanyar ƙasa ce a gefen dutse, tana zaftarewa kullum. Da suka tsallake kogin Manipur yana ambaliya sai aka yanke shawarar a bar hanyar ta lalace a bayansu, aka mayar da manyan motoci, komai ya koma daga sama. Majinyata ma tafiya ake da su, ko a ajiye su a ƙauye da masu jinya. Kafin Tiddim akwai hawan da ya tashi ƙafa 3,000 cikin mil bakwai da lanƙwasa 38, taɓo ja kamar kunu. Salon da suka riƙe shi ne birged guda ta matsa ta gaba, wata ta ratsa daji da alfadarai ta ɓullo bayan abokan gaba, wato dabarar Japan aka juya mata. Tiddim ta faɗi tsakiyar Oktoba, ƙololon Kennedy farkon Nuwamba, suka haɗu da Runduna ta 11 ta Afirka ta Gabas a Kalemyo.

Malam Habu: 1945 a taƙaice. Warren da ya karɓi rundunar ya mutu a haɗarin jirgi a Fabrairu, Robert Mansergh ya gaje shi. Aka sauke Birged ta 9 a filin jirgin Meiktila ana harbi. A Afrilu suka yi tseren kudu da motoci, suka ci Toungoo ranar 22, amma damina ta riga su, Runduna ta 26 ce ta shiga Rangun ta teku. Runduna ta 5 ce ta fara sauka Singafo 5 ga Satumba.

Dakta Safiya: Kada a tsallake Surabaya da ke tsibirin Jawa a Indonesiya, Malam. Indonesiya ta ayyana 'yancinta 17 ga Agusta 1945. An ce an tura sojojin Indiya su karɓi makaman Japan su kwashe fursunoni, amma mutanen ƙasar sun ga share wa Holan hanya ake. Aka kashe Birgediya Mallaby na wata rundunar ranar 30 ga Oktoba. Sai aka kawo Runduna ta 5, Mansergh ya ba da wa'adin a ajiye makamai, ranar 10 ga Nuwamba aka buɗe wuta daga ƙasa da teku da sama. Mako uku ana yaƙi gida-gida, dubban 'yan gari suka mutu. Bung Tomo, wani jagoran 'yan gwagwarmayar garin, na kabbara a rediyo yana kiran mutane, a ɗaya gefen kuma Musulmin Punjab na jin kabbarar. Wasu sojojin Indiya sun tsallaka sun koma wancan ɓangaren. Nehru, jagoran masu neman 'yancin Indiya, ya yi ta sukar a yi amfani da 'yan ƙasar da ke neman 'yanci a danne masu neman nasu. Har yau 10 ga Nuwamba ita ce Ranar Jarumai a Indonesiya.

Ɗanjuma: To ni wannan ya rage musu daraja a idona.

Malam Isyaku: Kurtun da ya fito daga ƙauyen Rawalpindi don albashi da fansho da sunan gidansu ba shi ya zaɓi Jawa ba, kamar yadda na Zariya bai zaɓi Kaladan ba. Wanda ya ba da wa'adin sananne ne.

Dakta Safiya: Gaskiya ne, amma waɗanda suka tsallaka su ma kurata ne, kuma sun zaɓa.

Ɗanjuma: Bayan an raba ƙasar a 1947 ina suka nufa?

Hajiya Larai: Rejimanti-rejimanti aka raba. Punjab ta 1 da Baluch da Frontier Force suka tafi Pakistan. Punjab ta 2 da Jat da Dogra da Mahratta da Garhwal suka zauna Indiya. Tunda kamfanoni a rabe suke da addini, sai aka yi musaya: kamfanin Musulmi ya bar bataliyar da ta faɗa Indiya, na Sikh da Dogra suka bar wadda ta faɗa Pakistan. Kafin shekarar ta ƙare an fara yaƙi a Kashmir. Lambar rundunar da jan da'irar suna hannun Indiya, yanzu rundunar dutse ce a arewa maso gabas, wajen iyakar Sin.

Injiniya Bala: Malam Habu, in za a ci gaba, a ɗauko Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da yaƙin Myohaung na Janairu 1945. Akwai maganar yadda aka tsara 'yan dako da nauyin da kowa ke ɗauka, sai mu gwada da lissafin alfadaran nan.